Hantar da Mal-sun Ta Ƙi Karɓa

Shekara goma sha tara ke nan ina jinyar iyayen mutane a wani babban asibiti a birnin Daegu na ƙasar Koriya. 'Ya'ya su kawo tsohuwarsu, su ɗauke ni in zauna da ita, su koma bakin aikinsu. Ni ce wanka, ni ce juyi, ni ce kwashe abin da ba a ambata a gaban abinci, barcina kuma a kan ɗan bencin da ake turawa ƙarƙashin gado. Madam Pyo suke kira na. Madam ɗin ke nan, da fo a hannu. Ba ni da takardar likita ko ta nas, amma idona ya ga abin da ya gani, bakina kuma ba ya ajiya, kowa a hawa na takwas ya san haka.

Ɗakinmu gado shida ne, mata zalla, duk masu ciwon hanta, talabijin kuma ɗaya tak a saman ƙofa. Dokar ɗakin ba a rubuce take ba, amma ta fi ta hukuma ƙarfi: wadda ta fi daɗewa ita ke da gadon bakin taga, ita ke da rimot. A lokacin Kaka Byeon ce mai sarautar, tsohuwa 'yar firit mai idanu rawaya, ta kwanta ta tashi a asibitin nan sau bakwai, mutuwa ta gaji da ita ta ƙyale ta. Ƙarfe takwas da rabi na safe in ya yi, wasan kwaikwayo ya fara, to ko tari sai da izini. Na ga ranar da wani ƙaramin likita ya shigo zagaye, ya buɗe baki zai yi wa wata bayanin jininta, Kaka Byeon ta ɗaga masa yatsa ɗaya, ko kallonsa ba ta yi ba. Ya tsaya da fayil a ƙirji har aka tafi talla. Babban likita ma ya koyi hankali, daga can ƙarshen baranda yake fara zagayensa.

Wasan kuwa, kai! Asibitin cikin talabijin ban san a wace ƙasa aka gina shi ba. A can sai a shiga da mace tiyata kafin talla, a dawo daga talla ta farka da jan-baki, gashi a gyare, ba tiyo ko ɗaya a hanci. A can in aka dasa maka zuciyar wani, washegari ka tashi kana kaɗa piyano, kana hawaye in ka hango matar mamacin a tashar bas. Mu da muke zubar da ruwan ciki a roba mun san ba haka ba ne, masu kwanciyar ma sun sani, ai cikinsu ne. Amma da an kunna sai kowa ta saki baki. Ni ma, kada in yi muku ƙarya, da tawul a kafaɗa nake tsayawa in kalla.

A watan Afrilu aka kawo Ok Mal-sun. Shekararta sittin da takwas, mijinta ya rasu, busasshen kifi take sayarwa a kasuwa, murya kuma ta kasuwar ce, in ta ce a ba ta ruwa sai ta ɗakin gaba ta miƙo kofi. Ɗanta ne ya ɗauke ni, Gu Sang-pil, mai shagon soyayyun kaji, ɗan shekara arba'in da uku, da tumbinsa da ke riga shi shiga ɗaki. Shi kaɗai gare ta.

Babban likita bai yi musu kwana-kwana ba. Tsohuwar cutar hanta da take ɗauke da ita tun ƙuruciya ta cinye hantar, ga kuma ciwon daji ya tsiro a kai. Ya ce har yanzu ƙarami ne, in aka cire hantar duka aka dasa wata za ta rayu. Layin masu jiran hantar mamata kuwa ya ce kada ma ta sa rai, ba za ta kai ba. Sai dai wani mai rai ya ba da rabin tasa.

"Ga tawa," in ji Sang-pil, tun likita bai rufe baki ba.

Likita ya dubi tumbin ya ce, "Wannan kitse ne zalla. Ka sauke kilo goma. Ita kuma ta sa hannu a takardar yarda, sannan mu fara gwada ka. Kuna da kamar wata biyu, in an yi sa'a uku. Bayan nan ban yi muku alkawarin komai ba."

A ranar, Mal-sun har da raba wa 'yan ɗaki lemo. Gado gado take bi da baki tana cewa ɗanta zai ba ta hanta, wa ya haifi irinsa? An ce ta sa hannu ranar Litinin.

Ran Litinin ɗin da safe, tana shan kunun shinkafa, aka kunna wasa. Matar wani attajiri ce ke kwance tana neman hanta, ɗanta ya je gwaji. Sai ga likitan talabijin ya fito baranda a guje, ya fizge ƙyallen fuskarsa, ya ɗaga takarda sama, ya kwarma ihu yadda har masu shara za su ji: "Jinin bai haɗu ba! Wannan yaron ba ɗanki ba ne!" Ganga ta buga. Ga muguwar suruka a bayan ginshiƙi tana ɗauka da waya. Yaron ya zube a ƙasa, ya tashi, ya tafi filin jirgi zai bar ƙasar.

"Ai na faɗa!" in ji Kaka Byeon tana dukan katifa. "Da an zo gwajin hanta asiri ya tonu. Kullum haka ne."

Cokalin Mal-sun ya faɗi ƙasa. Na ɗauko na wanke na miƙa mata, ba ta karɓa ba. Da nas ta kawo takarda ƙarfe goma, ta tura hannuwanta duka biyu ƙarƙashin bargo ta ce ba ta yi.

Daga ranar ta zama wata mata. Kuma abin haushi, ko rashin mutuncin ma ba nata ba ne, aro ta yi daga talabijin. Sang-pil ya shigo da kwanon kunu, ta ɗaga haɓa irin na matar attajirin ta ce, "Wa ya ce ina son hantarka? Hantar mashayi, mai warin man suya! Fita ka ba ni wuri."

"Omma," ya ce, haka muke kiran uwa a nan, "na daina sha. Sati biyu ke nan ko ɗigo."

"Na ce fita!"

Ta ɗauki kofin shayin sha'ir za ta watsa masa a fuska, yadda ake yi a wasa. Su na wasa sun yi atisaye. Ita hannunta da allurar ƙarin ruwa, ta watsa, shayin ya wuce shi ya sauka a ƙirjina. Na ce, "Yaya, in za ki yi fim ki faɗa mini in sa rigar ruwa." Shi kuwa ya sunkuya ya goge ƙasa da hankicinsa, ya ajiye kunun, ya rusuna wa 'yan ɗaki ɗaya bayan ɗaya, ya fita. Yana fita ta jawo kwanon ta shanye tas, tana sha hawaye na ɗiga a ciki, har da kankare gindi.

'Yan ɗaki kuwa kakarsu ta yanke saƙa. A tarihin hawa na takwas ba a taɓa rage murya ana tsakiyar wasa ba sai saboda su. Kaka Byeon ta ce rumfar kasuwar uwar Sang-pil yake so, uwar ta gano shi ne. Ta gadon tsakiya ta ce a'a, matarsa ce ta zuga, ku duba za ku ga tana da wani a waje. Wata ta ce akwai wata 'yar da aka yar tun tana jaririya, za ta bayyana ran tiyata da baƙin tabarau. Duk a gaban mai ciwon suke yi, ita kuma ta juya fuska bango.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A sati na uku ina cuɗa mata baya a banɗaki, ta ce in ƙara buɗe famfo. Na buɗe. Ta ce in rantse da kabarin uwata. Na ce uwata ƙona ta aka yi, amma na rantse da tulun tokar.

"Ba ni na haifi Sang-pil ba."

Shekara bakwai ta yi a gidan Gu, gidan mijinta, ba ko ɓatan wata, uwar miji har ta fara haɗa mata kaya. Sai ita da mijin suka ƙulla. Ta ɗaura matashi a ciki, wata wata tana ƙara auduga, tana amai na ƙarya a bayan gida yadda maƙwabta za su ji. Da wata tara ya cika ta tafi ƙauyensu haihuwa, ta dawo da jariri ɗan kwana shida da wata ungozoma ta samo. Kwana ashirin da ɗaya tana kwance tana shan miyar ganyen teku ta masu jego, har ta tsane ta. Aka rubuta shi a rajistar gidan Gu a matsayin ɗan cikinta. Mijin ya mutu da maganar a bakinsa.

"Da sun ɗebi jininsa shi ke nan," ta ce. "Za su faɗa masa a baranda. Gara in mutu ina uwarsa da in rayu ina matar da ta yi masa ƙarya."

Na ce, "Haba Yaya! A ɗakin nan na yi jinyar matar da mijinta ya ba ta hanta. Miji jininta ne? Na ga suruka ta ba uban miji, ko da yake wannan tilas aka yi mata."

"Wannan daban. Su an san ba jini. Ni da na rubuta ɗa, dole su auna su ga ko ɗan ne."

"To ki tambayi likita."

Ta juyo ta dube ni kamar na ce ta yi tsirara a kasuwa. "In tambaya? A asibiti? Ke ba kya kallo ne? Kowane ginshiƙi da mutum a bayansa."

Ga inda nawa laifin yake, kuma zan faɗa. Ni kaina ban tabbata ba. Shekara goma sha tara a asibiti ban taɓa ganin likita ya yi wannan ihun ba, amma a talabijin na gani ya fi sau talatin, sai talatin ɗin suka rinjayi idona. Ni da bakina ba ya ajiya, sai a wannan karon ya ga damar ajiya. Sati uku cur na yi shiru ina jin kaina wata babbar mai riƙon amana. Tir da ni.

A sati na shida na kasa. Na tare Nas Do, mai kula da takardun dashe, a gaban lifta, na ce wata ƙawata ce ke tambaya, in ɗa zai ba uwa hanta, ana auna ko ita ta haife shi?

Ta ce, "Mu ina ruwanmu? Takardar iyali muke dubawa, sai rukunin jini, sai lafiyar hantar da girmanta. Wannan gwajin da kike nufi ba ma yin sa, ba a nan ake yi ba ma. Madam Pyo, ke ma kallon na safen kike yi?"

Kunya ta kama ni har wuya. Na ruga na raɗa wa Mal-sun a kunne. Na zaci za ta rungume ni. Ta taɓe baki.

"A wasan ma haka nas ta ce da farko."

Na rantse da a ce ba maras lafiya ba ce da na mare ta. Na yi lallashi, na yi faɗa, na ce ta dubi idonta a madubi, ya koma ruwan ƙwai. Ta ce in na ƙara magana za ta sa a canza ni. Cikinta na ta cika da ruwa ana zuƙewa, ƙafafu sun kumbura, muryar kasuwar nan ta fara shigewa ciki. Babban likita duk zagaye sai ya tsaya a gadonta ya ce, "Uwar Sang-pil, lokaci fa." Ita kuma ta ce tana tunani.

Shi Sang-pil bai fasa ba. Mutumin da ke tsaye a kan tukunyar suya tun rana har rufe shago, ƙamshi na dukan hancinsa, ya koma cin dafaffen kabeji da kokwamba. Ya daina hawa lifta, da ƙafa yake hawo hawa takwas ɗin kullum da kwanon kunu a hannu. Tumbin ya sace, wuya ya fito, ya huda sabbin ramuka biyu a bel ɗinsa. Kullum ya shigo a zage shi, ya rusuna, ya fita.

Wata safiya a sati na goma na fita shanya tawul a matakala, na same shi zaune a kan tudun hawa na bakwai, kwanon kunu a gefe, yana haki. Na ce ya tashi kafin kunun ya huce. Bai tashi ba.

"Madam Pyo, ke da kike tare da ita, ki gaya mini gaskiya. Ƙyama take yi, ko?"

"Ƙyamar me?"

"Na san dalilinta. Ba sai an ɓoye mini ba." Ya murza fuskarsa da hannu biyu. "Ni ba jininsu ba ne. Ta ciyar da ni, ta tufatar da ni, ba ta taɓa nuna mini ba. Amma a yanko naman ɗan tsintuwa a sa mata a ciki, ta je ta tarar da Baba da kakanni da shi a jikinta, wannan ne ba za ta iya ba. Na fahimta. Kawai dai da ta daure ta karɓa, ko ba ta ƙara kallona ba."

Tawul ɗin ya zame daga hannuna. Na ce, "Kai, tun yaushe ka sani?"

"Ina ɗan sha huɗu. Ranar bikin kaka an shirya wa kakanni tebur, na ɗauki kofi zan zuba musu giya, gwaggona ta riƙe mini hannu a kicin ta ce in bari ɗanta ya zuba, kakanni ba sa shan abin da baƙo ya zuba. Ta ce in na faɗa wa Omma baƙin ciki zai kashe ta."

Jama'a, ban san sanda na kama kunnen mutum ɗan shekara arba'in da uku ba. Na ce, "Tashi, sakarai ɗan sakara! Ku biyun nan ko ba jini wauta ta haɗa ku." Na ja shi hawa ɗaya, na tura ƙofa da ƙafa. Wasa ya fara ke nan, kowa ta saki baki. Na zaunar da shi a bakin gadon uwarsa, na ja labule na zagaye su. Labulen asibiti kuwa ido kawai yake tarewa. Na hango Kaka Byeon ta laluɓo rimot za ta rage murya, na tsallaka na fizge shi daga hannunta, abin da ba a taɓa yi ba tun da aka gina ɗakin, na ƙure murya har gilashin taga na rawa, na jefa shi a aljihun rigata. Sau ɗaya dai talabijin ɗin nan ya yi wa wani amfani.

Na leƙa cikin labule na ce, "Yaya, ban karya rantsuwa ba, shi ya faɗa da bakinsa. Ya sani. Kai kuma maimaita mata abin da ka ce mini."

Ya maimaita, kansa a ƙasa. Har da maganar ƙyama da naman ɗan tsintuwa.

Mal-sun ta ƙura masa ido. Sannan ta ce, "Tun yaushe?"

"Ina sha huɗu."

"Shekara ashirin da tara? Shekara ashirin da tara ka zuba mini ido ina ba ka labarin naƙudarka? Ina ce maka kwana biyu na yi a durƙushe?"

"Wani lokaci uku kike cewa, Omma."

Ta ɗaga hannun da ba allura ta fara dukan kafaɗarsa, dukan da ko ƙuda ba zai kashe ba. "Ƙyama? Ni? Ni da na tauna maka shinkafa da bakina? Ni da na tsotse maka majina? Ɗan banza, tsoro nake yi kada ka tafi filin jirgi!"

"Filin jirgi kuma? In je ina? Wa zai buɗe shago?"

Ta kama kansa ta danna a ƙirjinta, suka yi ta kuka, kuka mara kyan gani, da majina da shessheƙa, ba ganga ba goge. Ni ma na yi, a tawul ɗin mutane. Kafin azahar ta sa hannu, har tana yi wa Nas Do faɗa wai biron ba ya rubutu da sauri.

Sati guda aka yi ana gwaje-gwaje, shi da ita duka. Ranar sakamako ni na tura ta a keke zuwa ofishin babban likita. Ba wanda ya fito a guje, ba wanda ya fizge ƙyalle. Yana zaune yana danne-danne a kwamfuta, ga kofin kofi da ya huce a gefe.

Ya fara da Sang-pil. Ya ce kilo goma sha biyu ya sauke, kitsen ya tafi, girman hantar ya isa mutum biyu, jininsa kuma irin wanda ke shiga jikin kowa ne. "Abin da ya fi ba ni mamaki," ya ce, "ba ka da cutar ko kaɗan. Yaran da mata masu wannan cuta suka haifa a shekarunku, kafin rigakafi, da yawansu sun ɗauka wajen haihuwa. Kullum mayar da su muke yi, suna kuka. Kai ka tsallake. Ban cika samun mai bayarwa mai kyau kamarka ba."

Uwa da ɗa suka dubi tayil ɗin ƙasa. Ni na dubi silin.

Sai ya juyo da fuskar kwamfutar, ya nuna sabon hotonta da bayan biro. Ya ce ciwon ya girma, ya shiga babbar jijiyar hanta. In ya shiga nan ba a dashe, ko an dasa zai dawo ya cinye sabuwar cikin 'yan watanni, a yanka lafiyayyen mutum a banza.

"Da a ce wata biyu da suka wuce ne," ya ce, bai ƙarasa ba. Ai wata biyu da suka wuce ya riga ya faɗa.

Sang-pil bai daki bango ba, bai cakumi kwalar likita ba. Ya ɗora hannu a gefen cikinsa na dama ya ce, "To yanzu me zan yi da ita?"

Mal-sun ce ta yi magana, da 'yar muryar da ta rage mata. "Likita, ka ce da an sa mini tasa za ta zauna?"

"Za ta zauna."

"Daidai?"

"Daidai."

"To buga mini a takarda."

Ya buga mata. Lambobi ne da Turancin likitoci, ko layi ɗaya ba ta iya karantawa, amma ta riƙe ta da hannu biyu har muka koma ɗaki. Tun daga ƙofa ta ɗaga ta sama. Ta ce, "Ku gani. Likita ya ce bai taɓa ganin hantar da ta dace da uwa kamar ta ɗana ba." Ta ƙara gishiri, amma wa zai hana ta? Takardar ta zaga gado shida, kowa ta riƙe ta a juye ko a daidai ta gyaɗa kai.

"Ai na faɗa muku," in ji Kaka Byeon, wadda ba ta taɓa faɗa ba. "Jini ba ya ƙarya. Naka sai naka."

"Ato," in ji Mal-sun.

Sang-pil yana durƙushe yana cusa kayanta a jaka, bai ɗago ba. Na ga ya ninke rigar barcinta sau uku yana warwarewa.

Ta ce gida za ta, ba za ta ƙara kwana a nan ba. Washegari da safe aka sallame ta, da jakar magungunan rage zafi. Ƙarfe tara saura ne, wasa ya kusa ƙarewa. An gano ashe yaron da ya tafi filin jirgi bai hau ba, ya dawo, ga shi a rigar tiyata ana tura shi kusa da matar attajiri, sun miƙa hannu suna taɓa yatsu, dukansu fuska fes. Aka rubuta sai gobe.

Sang-pil ya ɗaga uwarsa ya sa a keke, ba ta fi nauyin buhun busasshen kifinta ba. Na rufa mata bargo a gwiwa, ta tura takardar a ƙarƙashi. Sun kai ƙofa Kaka Byeon ta ɗago daga matashi.

"Uwar Sang-pil, ki ƙara kwana ɗaya mana! Gobe fa za a yi mata aikin. Za ki tafi ba ki ga ko ta tashi ba?"

Mal-sun ta ɗaga kai ta dubi talabijin ɗin da ke saman kanta, ana tallar maganin wanki.

"Ki kalla mini, Yaya," ta ce. "Ba sai kin ba ni labari ba. Su ai kullum tashi suke yi."

Ta taɓa hannun ɗanta, ya tura keken suka fita.